Layi ɗaya na auna sau biyu, hoto biyu ya fito: wanne zan ba kwamitin masallaci?

Mai_Guduma:

Assalamu alaikum. Na daɗe ina leƙowa nan ina karanta abin da manya ke faɗa ban taɓa sa baki ba. Yau dai wuya ta kawo ni.

Sana'ata auna ƙasa da lantarki don nemo wurin da za a haƙa rijiyar burtsatse. Shekara uku ke nan da na fara cin gashin kaina. Kafin nan yaron wani ne ni, ni ne mai ɗaukar guduma da naɗe waya, daga nan sunan ya samo asali. Na'urar da nake aiki da ita ta haya ce, mai turaku 41, wato sandunan ƙarfe da ake bugawa a ƙasa don tura wuta da sauraren ta. Ina jera su da tazarar mita 5, layi ya tashi mita 200.

A watan Afrilu kwamitin wani masallacin Juma'a a wani ƙauye na yankin Gwarzo suka kira ni. Wanda ya san yankin ya san ƙasar: marmara a sama, ruɓaɓɓen dutse a tsakiya, ƙasa kuwa dutse ne tsantsa wanda ba ya riƙe ko ɗigo sai inda ya tsage. An taɓa haƙa musu biyu a garin. Ɗaya ta yi wata uku ta ƙafe, ɗayar ƙura kawai ta fitar. Kuɗin wannan karon na karo-karo ne, har da na tsofaffin mata masu sayar da daddawa, don haka idon kowa a kaina yake.

Na ja layi daga gindin wata dalbejiya da ke bayan masallacin, na nufi gabas ta cikin gonar wani dattijo. Tsarin daifol-daifol na yi amfani da shi, wato turaku biyu masu tura wuta a gefe ɗaya, biyu masu saurare a ɗaya gefen. Da na sa lambobin a kwamfuta, hoton ya nuna wani wuri mai ƙarancin turjiya, wato inda wuta ke ratsa ƙasa cikin sauƙi, alamar da muke bi wajen neman ruwa, om-mita 60 zuwa 90 a ma'auninmu, ya nutsa ƙasa kamar bakin mazurari a tsakanin dutse mai turjiya ta dubbai. Daidai mita 85 daga dalbejiyar. Na ce alhamdu lillahi, na girke musu dutse a wurin na shafa masa jan fenti, na rubuta rahoto, suka biya ni.

Kuɗin haƙa bai haɗu ba sai Agusta. Kafin nan garmar shanu ta ture dutsen alamar lokacin huɗa, kowa na nuna inda yake zaton yake. Mai injin haƙa ya ce shi ba zai kafa injinsa a kan zato ba, a sake awo. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, sai na sake karɓo na'urar na koma. Dalbejiya ɗaya, na'ura ɗaya, tazara ɗaya, tsari ɗaya, ni ɗin nan dai.

Hoton da ya fito daban ne. Saman ƙasa ya sauko daga sama da om-mita 1,500 zuwa ƙasa da 200. Wannan bai dame ni ba, damina ce, ƙasa ta sha ruwa. Abin da ya hana ni barci shi ne mazurarin nan ya tashi daga mita 85 ya koma mita 100, ya kuma tsuke. A mita 85 ɗin kuwa, inda na girke dutse na karɓi kuɗin mutane, yanzu dutse tsantsa nake gani tun daga zurfin mita 12.

Kuma a duka awon biyu na'urar tana maimaita kowane karatu sau uku zuwa huɗu, kuma kuskuren da take nunawa a fuskarta galibi bai kai kashi 1 cikin 100 ba. To idan ta yarda da kanta haka a Afrilu, ta kuma yarda da kanta haka a Agusta, ƙaryar wa zan kama? Na ce wa shugaban kwamitin kwamfutata ce ta samu matsala, ya ba ni kwana goma. Saura shida. Don Allah a taimaka.

Direban_Rig:

Wa alaikumus salam. Injiniya, ni ba na gane zanen nan naku mai launi-launi, shekarata goma sha ɗaya a kan injin haƙa dai. Abin da na lura, awon damina yaudara ne, ko'ina sai ya nuna muku ruwa. Ka riƙe na bazara. Wurin da ya nuna laima a watan Afrilu, lokacin da ƙadangare ma ke neman inuwa, shi ne na gaske.

Sannan ka bar ce wa dattawa kwamfuta ta lalace. Gobe in ka kawo musu sakamako daga kwamfutar nan, me za su ɗauka?

Baba_Safiyo:

Ɗana, sannu da ƙoƙari. Ruwa ba ya tsami banza, kuma tun da ka faɗi gaskiya a nan za a gano bakin zaren.

Na fara wannan aiki cikin shekarun 1980, zamanin da KNARDA, hukumar bunƙasa noma da raya karkara ta Jihar Kano, ke haƙa rijiyoyi a ƙauyukan Kano. Lokacin ba mu da turaku arba'in. Huɗu ne, mu yi tsarin Schlumberger, yara biyu suna ja da baya da waya, ni ina tsakiya ina rubutu, da dare mu ɗora takarda mai shara-shara a kan zanen lanƙwasa muna gwadawa a gaban fitila. Abin da ubangidana ya fara koya min shi ne kada in naɗe waya sai na zana karatun a takarda na gani da idona. Duk ɗigon da ya yi tsalle ya bar 'yan'uwansa, a sake shi nan take. Ku yanzu na'ura na kwashe muku karatu ɗari uku kuna zaune a inuwa, sai kun koma gida kuke ganin abin da kuka ɗebo.

Kafin in ce komai, amsa min waɗannan.

A Agusta dawa ta fi ka tsayi. Ta yaya ka san inda layin Afrilu ya bi? Dalbejiya ta ba ka farkon layi, me ya ba ka ƙarshensa? Ka ɗauki GPS na turken ƙarshe, ko ka duba kamfas ka rubuta?

A Afrilu marmarar Gwarzo kamar kwalta take. Nawa ne turjiyar da ke tsakanin turaku da ƙasa kafin ka fara? Ka jiƙa su? Duka, ko waɗanda na'ura ta yi ƙorafi a kansu kaɗai? Wutar da ta shiga ƙasa miliamfiya nawa ce?

Sannan hoton Afrilu, a zagayen lissafi na nawa ka tsayar da manhajar da ke zana hoton, kuma RMS nawa, wato kashi nawa cikin 100 hoton ya saɓa wa karatunka?

Game da maganar Direba, akwai ƙamshin gaskiya a ciki amma ba duka ba. Gaskiya ne laimar damina kan rufe wa mutum ido a sama-sama. Sai dai tsagar dutse da ke zurfin mita 25 ba ta san ana damina ko bazara ba, ba ta tashi ta yi tafiyar mita 15. In ta yi tafiya a hoto, to ko dai kai ne ka yi tafiyar, ko ɗaya daga cikin hotunan ƙage ne. Kuma ta fuskar tsabtar karatu, sau da yawa na damina ya fi kyau, don ƙasa na karɓar wuta ba gardama.

Malama_Lissafi:

Salamu alaikum. Baba ya riga ya tambayi abin da ya kamata. Ni zan tsaya ne a kan wannan kashi 1 cikin 100 da ya ruɗe ka, don duk shekara sai ɗalibaina sun kawo min shi cikin rahotonsu suna murna.

Lokacin da na'ura ta maimaita karatu sau huɗu a jere, turakun ba su motsa ba, wayar ba ta canza ba, sakan kaɗan ne tsakani. Abin da take gaya maka shi ne hayaniyar da ta shigo cikin waɗannan sakan ɗin kaɗan ce. Shi ke nan. In turke na 17 yana tsaye a mita 80.4 maimakon 80, za ta maimaita kuskuren sau huɗu cif, ta ce maka babu kuskure. Mudun da aka bubbuge gindinsa ma kullum awo ɗaya yake bayarwa.

Gwajin da ya fi wannan tona asiri shi ne awon musaya. Kowane karatu turaku huɗu ne, biyu na tura wuta, biyu na saurare. Ka musanya musu aiki, masu saurare su tura, masu turawa su saurara. A ƙa'idar lantarki, ko yaya ƙasar take a hargitse, amsa ɗaya ya kamata ta fito. Duk bambancin da ka gani tsakanin na farko da na musayar, daga aikinka ne ko kayan aikinka. Kusan kullum ya fi abin da na'ura ke nunawa girma. Daifol-daifol ya fi kowane tsari sauƙin yi wa wannan gwaji. Amma kada ka sa musayar ta biyo bayan na farko nan take, domin turken da ya gama tura wuta yakan riƙe ɗan caji na wani lokaci, in ka sa shi saurare a lokacin cajinsa zai ji. Ka gama duk karatun farko, sannan ka bi da na musaya. Ko shi ma awon musayar ba zai kama turken da aka kafa ba daidai ba, wannan aikin tef ne.

Bari in ba ka lissafi biyu ka riƙe.

Na farko kan ƙarfin abin da turakun saurare ke ji. A ce ƙasa mai om-mita 100 ce, ka tura miliamfiya 50. A tsarin Wenner, inda masu turawa ke waje masu saurare na tsakiya, mai tazarar mita 5, za su ji kusan milibolt 160. A daifol-daifol mai tsawon mita 5, in ka kai mataki na shida, wato ratar da ke tsakanin masu turawa da masu saurare ta kai mita 5 sau shida, abin da za su ji bai cika milibolt 1 ba. Ƙasa ɗaya, wuta ɗaya. To a ce busasshiyar marmara ta hana wutar shiga, miliamfiya 5 kawai ta wuce. Ka koma neman kashi ɗaya cikin goma na milibolt. Lantarkin da ƙasa ke da shi na kanta, da janareton mai markaɗe, da wayar wuta in akwai, kowannensu zai iya danne wannan. Kuma karatun nan masu rauni su ne suke zana maka ƙasan hoton, wato daidai inda kake neman ruwa.

Na biyu kan wurin turke. A Wenner mai tazarar mita 5, in turken saurare ɗaya ya goce da santimita 20 a kan layi, karatun zai goce da kusan kashi 5 cikin 100. Santimita 20 bai fi taƙi ɗaya ba. Yaro ya ci karo da dutse ya matsa gefe ya buga, ba wanda ya rubuta. Daifol-daifol ya fi Wenner jin wannan. A wani tudu mai zaftarewa da ake kira Hollin Hill a Yokshaya ta Arewa a Ingila, masu binciken ƙasa na Birtaniya sun binne turaku na dindindin suna auna tudun shekara da shekaru. Da ƙasar ta zame ta tafi da wasu turakun, sai hotunan suka fara nuna canjin da ba na laima ba ne, har sai da suka samo hanyar lissafa motsin turakun daga cikin karatun kansa. Su ke nan da turakunsu ke binne. Ina ga mai cirewa ya dawo bayan wata huɗu?

Abin da yake na ƙasa da gaske kuma, shi ma yana da iyaka. Bisa ƙa'idar da wani masani mai suna Archie ya fitar a 1942, a ƙasa mai yashi wadda ba yumɓu, in ruwan da ke cikin ƙofofinta ya ninka biyu, turjiya na sauka kusan ninki huɗu. Ga kuma gishirin marmara da ruwan farko ke narkarwa. Don haka saukowar samanka daga 1,500 zuwa 200 ba abin mamaki ba ne. Zafi ma na taɓawa, kusan kashi 2 cikin 100 a kowane digiri ɗaya, amma zafin rana da sanyin dare ba sa wuce mita ɗaya a ƙasa, na shekara kuma yana dusashewa kafin ya kai wajen mita goma. Babu ɗayansu da zai ɗauke maka tsaga ya kai ta gaba.

Abu ɗaya dai: in sama ta canza sosai, hanyar da wuta ke bi ta canza, yadda take ganin ƙasa ma ya canza. Sama mai laima kan riƙe wuta ta hana ta nutsawa sosai. Saboda haka faɗin mazurarin da zurfinsa za su iya bambanta a hotuna biyu ko da aikin ya yi tsaf. Tsukewar ba ta dame ni ba. Matsawar ce ke buƙatar bayani.

Mai_Guduma:

Baba, Malama, Allah ya saka da alheri. Na karanta sau uku, kunya ta kama ni, amma matambayi ba ya ɓata.

Maganar layi: ban ɗauki GPS na ƙarshe ba, na farko kaɗai na ɗauka. A Afrilu fili ne fetal, na hango wata kuka can nesa na saita ta. A Agusta ba a ganin kukar saboda dawa, kuma dattijon ya tsaya a kaina ya ce kada a karya masa ko kara ɗaya. Sai muka bi ta kwarin kunya, tun da kunyoyin ma gabas suka nufa. A raina na ce ai duk ɗaya ne.

Maganar turaku: a Afrilu jarka biyu kawai muka zo da ita, garin kuma ruwa ne matsalarsu, ba yadda zan ce a ƙaro min in zuba a ƙasa mata na kallo. Waɗanda na'ura ta ƙi karɓa kaɗai na jiƙa da ruwan gishiri, kamar goma sha biyu. Sauran na bar su. Na duba fayil ɗin yanzu, turjiyar wasu turakun ta haura kilo-om 15, kuma karatu da yawa da miliamfiya 2 zuwa 5 aka ɗauke su. A Agusta kusan duka ƙasa da kilo-om 2 suke, wuta na shiga 100 zuwa 200.

Maganar RMS, a nan ne na fi jin nauyi. Manhajar Res2DInv nake amfani da ita. A Afrilu zagaye na huɗu ya tsaya a 14. Na san ba a kai wa mutane 14, sai na goge wasu ɗigo da suka yi min tsalle, na bar ta ta yi ta zagayawa har takwas, ta sauko 6 da ɗoriya. Na Agusta a zagaye na huɗu ya ba ni 3.

Ke nan na Afrilu shara ne? In ce musu mita 100?

Baba_Safiyo:

Kada ka yi saurin zubar da shi, kada kuma ka yi saurin rungumar ɗayan.

Buɗe na Afrilu da ɗanyen fayil, kafin gogewarka. Tsaya a zagaye na uku ko na huɗu ka duba. In mazurarin yana nan a mita 85 tun a lokacin, ko da a dushe, to akwai abu a wurin. In sai a zagaye na bakwai ya ɓullo, manhaja ce ta haifa maka shi. Ita ba ta san dutse ba, an ce mata ta rage RMS ne, in ka matsa mata za ta ƙirƙiro ƙulli-ƙulli masu launi don ta gamsar da karatun banza. Loke da ya rubuta manhajar ma shawararsa ke nan, a tsaya inda RMS ya daina sauka sosai, galibi tsakanin zagaye na uku da na biyar.

Gogewa kuma ba laifi ba ce in da dalili. Wuta ta yi kaɗan, ko turke kaza ne ya lalata duk karatun da ya shiga ciki, wannan dalili ne. "Ya yi min tsalle" ba dalili ba ne, wani lokaci mai tsallen shi ne tsagar.

Amma ni zuciyata ta fi karkata ga kunyoyin nan. Manomi ba ya huɗa da kamfas. In layinka ya karkace da digiri biyar kacal, a ƙarshen mita 200 ka bar tsohon layi da mita 17. A tsakiya kuwa mita 8 zuwa 9. Yanzu ka ɗauka tsagar ba ta gicciye layinka kai tsaye ba, a karkace ta ratsa shi, kamar yadda hanyar shanu ke ratsa gona. Layi biyu da ke gefen juna za su ci karo da ita a wurare daban-daban. Ɗaya a 85, ɗaya a 100, kuma duka gaskiya suka faɗa. Manhajar hoton layi ɗaya tana ɗauka cewa duk abin da ke ƙarƙashin layin ya miƙe hagu da dama ba canji. Ƙasar dutse ba ta yi wa kowa wannan alkawarin ba.

Malama_Lissafi:

Baba, ina tare da kai a kan karkacewar layi, amma ranka ya daɗe ina ga ka yi wa awon Afrilu sassauci. Miliamfiya 2 a daifol-daifol, turaku wasu jiƙe wasu bushe, ba awon musaya ko ɗaya. Ko mazurarin ya fito a zagaye na uku ba zan sa hannu a kansa ba, don turke biyu ko uku marasa kyau a wuri ɗaya kan zana abu mai kama da wannan, ya gangara ƙasa a karkace ta ɓangare biyu. Mai_Guduma, duba ko turakun da suka fi turjiya suna wajen na 16 zuwa na 20 ne.

Kuma ka gwada juya fayil ɗin da wata manhajar. ResIPy kyauta ce, a kan lissafin Andrew Binley na Jami'ar Lankasta aka gina ta, tana karɓar awon musaya ta auna wa kowane karatu nauyinsa. Abin da ya tsaya a manhaja biyu da saiti daban-daban ya fi cancantar a kafa masa injin.

Direban_Rig:

Duk na ji. Ni tambayata ɗaya: wa zai biya kuɗin awo na uku? Don na san kwamitin masallaci.

Kuma in ƙara da wannan, Injiniya. Ko hotonku ya yi kyau kamar zanen atamfa, ƙarancin turjiya ba ruwa ba ne sai mun huda. Na sha haƙa inda aka ce min tafki ne a ƙasa, muka tarar da yumɓu mai kama bakin ƙarfe.

Baba_Safiyo:

Malama, na karɓi gyara. Direba ma ya yi gaskiya, shi ya sa a ƙasar dutse ba mu cika murna da abin da ya sauka ƙasa da om-mita 20 ba, galibi yumɓu ne. 60 zuwa 90 ɗin yaron nan ba laifi, in ya tabbata.

Kuɗin awo na uku kuwa daga aljihunsa zai fito. Shi ya bar kuka ta zama masa GPS.

Mai_Guduma:

Salamu alaikum. Na dawo da bayani, ku yi haƙuri da jinkiri.

Na je na samu shugaban kwamitin na gaya masa ba kwamfuta ba ce, ni ne ban tabbatar da layina ba. Ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce gara da na faɗa tun ba a kafa injin ba. Mai injin ma dama ya ce hanyar garin ba za ta ɗauki motarsa ba sai ƙasa ta tsane. Aka bar shi sai bayan girbi.

Na duba fayil ɗin Afrilu kamar yadda kuka ce. Mazurarin yana nan a zagaye na uku, a dushe, tsakanin mita 80 da 95. Malama, turakun da suka fi muni na 5 zuwa na 9 ne da na 30 zuwa sama, ba na tsakiya ba. Amma ƙasan hoton, daga mita 20 zuwa ƙasa, duk lokacin da na taɓa saiti sai ya canza kama. Wannan ɓangaren na yafe shi.

Ranar Asabar da ta wuce na koma, an yanke dawa, kuka ta fito. Kunyoyin suna nan ba a baje ba, don haka na iya bin sawun layin Agusta. Na ja tef daga ƙarshensa zuwa ƙarshen layin kuka: mita 18. Baba, kamar kana wurin.

Na auna duka biyun a rana ɗaya. Na yi hayar amalanke da jarka takwas daga wani gari, kowane turke ya sha ruwan gishiri, na bar su rabin awa kafin in fara, ba wanda ya haura kilo-om 3. Tef biyu na shimfiɗa, ni da kaina na bi na duba kowane turke. Na yi daifol-daifol da musayarsa, na ƙara da Wenner. Yawancin karatun sun yi daidai da musayarsu cikin kashi 2 zuwa 3 cikin 100. Na mataki na shida ne suka yi ta rawa, wasu har kashi 15, alhali na'ura na nuna min ƙasa da 1 a kansu. Duk wanda ya wuce kashi 5 na cire shi, kuma na rubuta adadinsu a rahoto, 23 ne.

Layin kuka ya nuna abin a mita 88. Layin kunya ya nuna shi a mita 101. Da na sa ɗigon biyu a takarda na ja layi tsakaninsu, sai ga shi ya nufi wata tsohuwar rijiyar hannu da ke kudu maso gabas, wadda mutanen garin suka ce ita ce ke ƙafewa a ƙarshe duk shekara. Ban taɓa tambayarsu wannan ba sai ranar.

Layin kuka na sake auna shi bayan la'asar ban cire turaku ba, don in ga ko zai maimaita kansa. Hoton safe da na yamma kusan ba ka bambanta su, sai ɗan canji a mita ɗaya na sama inda ruwan gishirin ya bushe.

Abin da ya rage, Asabar mai zuwa zan ja layi na uku da zai gicciye tsagar kai tsaye, kafin in nuna wurin haƙa. Na zuba siminti na kafa guntun rodi a farko da ƙarshen kowane layi, na ɗauki GPS ɗinsu. Dattijon mai gona ya aiko min jiya cewa yara sun riga sun tumɓuke biyu sun kai wa 'yan gwangwan.

Baba, layin giciyen nan in sa tazarar mita 5 ko in rage zuwa 3? In na rage, tsawonsa zai koma mita 120, ina tsoron ba zan ga ƙasan ba.

Baba_Safiyo:

Bar shi a 5. Wenner ba ya gani fiye da kusan kashi ɗaya cikin shida na tsawon shimfiɗarsa, mita 120 zai tsaya maka a wajen mita 20, kai kuma abin da kake nema yana ƙasa da nan. Ka sa tsakiyar layin a kan tsagar.

Rodin kuma ka daina barin kansa a waje. Nutsa shi ya shafe da ƙasa, ka auna nisansa daga dalbejiya da kusurwar katangar masallaci, ka rubuta a littafinka.